GEDCOM: yaya za mu kwashe salsalar gidanmu daga wata manhaja zuwa wata?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na daɗe ina haɗa salsalar gidanmu a Ancestry, yanzu mutum ya haura ɗari bakwai har da hotuna da bayanan da na ɗauko a bakin tsofaffi. Ɗan baffana da ke Yamai shi kuma Gramps yake amfani da shi a kwamfutarsa, ya haɗa na ɓangarensu. So muke mu haɗe su wuri ɗaya. Sai mun zauna mun sake bugawa ɗaya bayan ɗaya ne ko akwai wata hanya?

Amsa: Wa alaikumussalam ɗan'uwa, sannu da ƙoƙari. A'a ba sai kun sake bugawa ba, akwai hanya, sunanta GEDCOM, kuma kusan duk wata manhajar salsala da ka sani tana iya fitar da shi tana iya karanta shi, Ancestry da MyHeritage da Gramps da RootsMagic da Family Tree Maker da Legacy da webtrees duk. Amma bari in faɗa maka tun yanzu abin da masu tallan manhajojin nan basa faɗa. Abin da GEDCOM yake kaiwa lafiya lau shine ƙashin salsalar, wato wane ɗan wane ne, wa ya auri wa, yaushe kuma a ina. Sauran kuwa, hotuna da majiya da dogon bayanin nan da ka sha wahala a kansa, in baka tsaya a kansu da kanka ba a hanya zasu zube kuma ba wanda zai ce maka sun zube. Sannan aika salsala daban, haɗe salsala biyu daban, GEDCOM na farkon kawai yake yi, na biyun aikinku ne kai da ɗan baffan naka.

Shi dai GEDCOM ba manhaja bane, fayil ne na rubutu zalla wanda sunansa ke ƙarewa da .ged, zaka iya buɗe shi da Notepad ka karanta da idonka. Ina ba kowa shawara ya buɗe ko sau ɗaya ne, domin da zarar ka ga cikinsa tsoronsa ya fita. Ga misali da sunan da na ƙirƙira:

0 HEAD
1 GEDC
2 VERS 5.5.1
1 CHAR UTF-8
0 @I1@ INDI
1 NAME Musa /Ɗanladi/
1 SEX M
1 BIRT
2 DATE ABT 1931
2 PLAC Haɗeja
1 FAMS @F1@
0 @F1@ FAM
1 HUSB @I1@
1 WIFE @I2@
1 CHIL @I3@
0 TRLR

Lambar da ke farkon kowane layi mataki ce. Sifili na nufin an buɗe sabon abu, 1 bayani ne a kan abin da aka buɗe, 2 bayani ne a kan na 1 ɗin da ke samansa. Kaga DATE da PLAC suna ƙarƙashin BIRT, kenan ranar haihuwa ce da wurin haihuwa, da a ƙarƙashin DEAT suke da na rasuwa ne. INDI mutum ɗaya ne, FAM kuma aure ɗaya ne da 'ya'yan da aka samu a cikinsa. Abin da nake so ka riƙe a nan shine babu wani layi da ya haɗa uba da ɗa kai tsaye. Ɗa yana manne da FAM, uba ma yana manne da FAM, ta nan suke haɗuwa. Duk rikicin da zamu zo kansa na mata da 'yan uba daga wannan tsarin ya taso.

Waɗanda suka ƙirƙiro shi cocin nan ne na Mormon mai hedikwata a Salt Lake City a jihar Utah ta Amurka, a 1984. Su a aƙidarsu suna yi wa kakanninsu da suka mutu wasu ibadu, shi yasa suka fi kowa tara sunayen matattu a duniya, FamilySearch, shafin binciken salsala, ma nasu ne. An fitar da 5.5 a 1996, sai 5.5.1 da aka rubuta tun 1999 amma ya zauna a matsayin daftari shekara ashirin kowa na amfani da shi a haka, sai 2019 aka ce ya zama na hukuma, sannan 7.0 ya fito a 2021. Wannan tarihin ba don ado na kawo shi ba, yana da amfani, saboda zaka ga akwai alama ta musamman don baftisma, akwai ta bikin balagar yaran Yahudawa, akwai ta ƙona gawa, amma babu ta ranar suna, babu ta saukar Alƙur'ani, babu ta aikin hajji, babu ta naɗin sarauta. Ni bana ganin mugunta a ciki, mutane ne suka ɗinka riga daidai jikinsu daga baya duniya ta ara. Mu dai sai mu san inda take matse mu.

Toh yadda zakayi. A Ancestry ka shiga ta burauza a kwamfuta, kada ka tsaya wahala da manhajar waya, ka buɗe salsalar ka shiga saitinta, akwai wurin da aka rubuta Export tree, ka danna ka ɗan jira sai maɓallin saukewa ya fito. Mai salsalar ne kaɗai yake iya wannan, wanda aka gayyata kallo ba zai iya ba. Fayil ɗin da zai sauko ƙarami ne, na mutum ɗari bakwai sau da yawa bai kai nauyin hoto ɗaya na waya ba, kuma wannan ƙanƙantar ita ce shaidar cewa hotunanka basa ciki. Shi kuma ɗan baffanka a Gramps ya buɗe SABUWAR salsala wadda babu kowa a ciki, sannan ya je Import ya zaɓi fayil ɗin. Na rubuta sabuwa da manyan baƙi ne da gangan. Kada ya kuskura ya zuba naka a cikin nasa kai tsaye, kuma kafin ya taɓa komai ya yi wa nasa kwafi ya ajiye a filashi ko ya tura wa kansa ta imel.

In manhaja ta baka zaɓi lokacin fitarwa, ka zaɓi 5.5.1 ka zaɓi UTF-8. Eh 7.0 ya fi kyau a takarda amma ba kowace manhaja take karanta shi yadda ya kamata ba har yanzu, 5.5.1 kuwa kowa ya san shi. Maganar UTF-8 ɗin ita ce ta fi shafarmu. Tsohon GEDCOM yana amfani da wani tsarin baƙaƙe da ake kira ANSEL wanda ɗakunan karatu na Amurka suke amfani da shi, kuma babu ɓ babu ɗ babu ƙ a cikinsa. In fayil ya bi ta nan sai kaga Ɗanladi ya koma alamar tambaya da anladi, Ɓalewa ya lalace, sunan da ka rubuta da ajami ko Larabci kam sai dai akwatuna. Shi ɗan baffanka da ke Nijar ga ƴ mai lanƙwasa da suke rubutawa, ga baƙaƙen Faransanci masu wasali a sama, duk UTF-8 yana ɗauka. Kuma in suka lalace a fitarwa basa gyaruwa a shigarwa, sai dai a koma a sake fitarwa. Don haka da ka sauke fayil ka buɗe shi ka duba layin CHAR a can sama, sannan ka nemo suna ɗaya mai ƙugiya ka gani ko yana nan lafiya. Kada ka buɗe shi da Word ka adana, Word yana cusa nasa tarkacen, Notepad ko Notepad++ sun isa.

Yanzu ga inda nake so mu daɗe, maganar mata. FAM ɗaya miji ɗaya yake ɗauka da mata ɗaya, shikenan. Mutum mai mata huɗu FAM huɗu gare shi, kowane da matarsa da 'ya'yan ɗakinta, in ya rabu da wata ya auri wata FAM na biyar kenan. Wannan ba matsala bace, GEDCOM bai hana aure biyu su zo a lokaci ɗaya ba, bai ma san ana yi ba. Matsalar daga masu shigarwa take. Mutum ya san kakansa ya haifi 'ya'ya goma sha tara amma sunan mace ɗaya ya sani, sai ya zuba su duka a ƙarƙashinta don ya wuce wajen. A allon manhajarsa ba a ganin komai, amma a fayil ya mayar da 'yan uba shaƙiƙai, kuma kai ka san a wajenmu wannan ba ƙaramin abu bane, ko a rabon gado shaƙiƙi daban ɗan uba daban. In ka san ɗakuna uku ne amma baka san sunayen matan ba, ka buɗe aure uku, ka bar gurbin suna ka rubuta a bayani cewa wannan ɗakin su wane ne. In baka san ma ɗaki nawa bane, ka ajiye 'ya'yan a ƙarƙashin uban shi kaɗai ba uwa, ya fi ka laƙaba musu uwar da ba tasu ba.

Sai jerin matan. A fayil jerin yana bin yadda layukan FAMS, masu manna mutum da aurensa, suka zo ne, amma wasu manhajojin in sun karanta sai su sake jerawa da kwanan watan aure, toh in babu kwanan wata fa? Sai su jera yadda suka ga dama, ka wayi gari amarya ta hau sama uwargida ta koma ta uku. Haka 'ya'ya, ɗan fari ya koma auta. Wallahi irin wannan kaɗai ya isa wata gwaggo ta ce aikin naku duka na banza ne. Maganinsa ka sa wa kowane aure shekara ko da ta kintace ce, kuma ka rubuta a bayanin auren ƙarara cewa wannan ce uwargida, wannan ta biyu. Saki da kome ma haka, mace ta fita ta dawo, a ƙa'ida zaka iya sa MARR na ɗaurin aure sannan DIV na saki sannan wani MARR ɗin a FAM ɗaya, amma akwai manhajojin da na farkon kawai suke nunawa, don haka shi ma a maimaita shi a bayani.

Ɗan riƙo yana da gurbi, wannan kam sun kyauta. Yaro zai iya mannewa da FAM biyu, na iyayen da suka haife shi da na waɗanda suka riƙe shi, sai a sa alamar PEDI a ce wannan birth wannan foster. Ka zaɓi foster ɗin, kada ka zaɓi adopted, domin shi adopted a tsarinsu yana nufin yaro ya koma ɗan gidan a shari'ance, riƙo irin namu kuwa baya canza nasaba. Sai dai bayan shigarwa a je a duba 'yan riƙon ɗaya bayan ɗaya, saboda in manhaja ta yar da layin PEDI yaron zai fito da uba biyu duk na haihuwa. Agola shi ba ya buƙatar komai, yana FAM ɗin uwarsa da mijinta na baya. 'Yan'uwan shayarwa su ne babu gurbinsu sam, alhali a wajenmu har aure suke haramtawa. Akwai alamar ASSO da ake haɗa mutum biyu a rubuta dangantakarsu da baki, Gramps yana da ita, amma tana cikin abubuwan da suka fi ɓacewa a hanya, don haka a rubuta a bayanin kowannensu cewa wance ta shayar da shi.

Suna ma wani fagen ne. Ka ga a misalin can Ɗanladi yana tsakanin sanduna biyu, wannan shine sunan dangi a tsarinsu, wanda ake gada daga kaka zuwa jika baya canzawa. Mu kuwa na biyun sunan uba ne yana canzawa kowane tsatso, wani lokacin ma sunan gari ne da aka maƙala wa yaro a makaranta, dubi Aminu Kano da Shehu Shagari da Abubakar Tafawa Ɓalewa, duk garuruwa ne. Manhajoji da yawa in ka ƙara ɗa sai su cika masa sunan dangin uban da kansu, in baka lura ba sai jika ya ɗauki sunan kakansa a gurbin na ubansa. Ku zauna kai da ɗan baffanka ku yanke ƙa'ida ɗaya kafin ku haɗa komai. Ni abin da nake ba da shawara shine sunan yanka a gaba, sunan uba tsakanin sandunan, ga maza da mata duka, kuma mace ta zauna da sunan ubanta kada a sa mata na miji. Laƙabi da sunan rana da alkunya, su Abba da Ummi da Baffa da Talatu da Balarabe, a sa su a NICK ko a ƙara layin NAME na biyu, GEDCOM ya yarda mutum ya yi suna fiye da ɗaya. Alhaji da Hajiya da Malam suna da gurbinsu NPFX, sarauta kuma TITL. Kada a cusa su cikin sunan yanka, in ba haka ba rabin mazan gidanku zasu jeru a ƙarƙashin harafin A.

Kwanan wata. Wata dole a rubuta shi da baƙaƙe uku na Ingilishi, JAN FEB MAR haka, 3 APR 1960. In wani ya buga 3/4/1960 da hannu aka fitar a haka, manhajar Amurka zata karanta 4 ga Maris, wata ma ta ƙi karantawa gaba ɗaya. Abin da na fi so a GEDCOM shine ya yarda mutum ya ce bai tabbata ba. ABT wajen shekara kaza, BEF kafin, AFT bayan, BET da AND tsakanin kaza da kaza, EST kintace. Tsofaffinmu ai basa ba da shekara, cewa zasu yi an haife shi shekarar da Sarauniya ta zo, ko an yi auren bayan canjin kuɗi, ko kakanmu yana saurayi Turawa suka ci Kano. Waɗannan 1956 ne da AFT 1973 da kuma lissafi daga 1903. Akwai ma INT wanda zaka sa shekarar sannan ka biyo da ainihin maganar tsohon a cikin baka biyu, sai dai ba kowace manhaja take riƙe maganar ba. Ka sa shekarar a gurbin kwanan wata, maganar kuma ka kwafe ta a bayani yadda aka faɗe ta, domin wata rana wani zai zo ya ce ai canjin kuɗin da take nufi ba na 1973 bane, kaga in maganar tana nan sai a gyara.

Kalandar Hijira babu ita a ƙa'idar GEDCOM. Akwai ta Miladiyya, da tsohuwar ta Juliyas, da ta Yahudawa, har da wadda Faransawa suka ƙirƙiro lokacin juyin juya halinsu suka yi shekaru kaɗan da ita suka watsar, amma babu ta Musulunci. Gramps a cikin gidansa ya san Hijira, webtrees ma haka, amma wannan ƙarinsu ne, da zarar fayil ya fita zuwa wata manhajar babu tabbas. Haɗarin shine a rubuta 1350 tsirara, waccan manhajar ta ɗauka Miladiyya ce ta mayar da kakanka mutumin ƙarni na 14. In ka samu shekarar Hijira a bangon Alƙur'ani ko a wata takardar gida, ka juya ta, kuma ka tuna shekarar Hijira ɗaya yawanci tana taka shekara biyu na Miladiyya, 1350 ta fara a watan Mayun 1931 ta ƙare a Mayun 1932, don haka BET 1931 AND 1932 ne, asalin kuma a bayani.

Wuri kuma ana rubuta shi daga ƙarami zuwa babba da waƙafi a tsakani, ƙauye, ƙaramar hukuma, jiha, ƙasa. Wanda aka haifa a Haɗeja a 1931 a Lardin Kano aka haife shi, Jigawa sai 1991. Ko ku bi sunan lokacin ko ku bi na yau, duk wanda kuka ɗauka ku tsaya a kansa ku biyun.

Ranar suna da hajji da sauka da naɗi da na ce babu alamarsu, ana sa su da EVEN sai a biyo da TYPE a rubuta ko menene, wannan yana wucewa a yawancin manhajoji. Abin da baya wucewa shine alamomin da kowane kamfani ya ƙirƙira wa kansa, zaka gane su da ɗan layin ƙasa a farkonsu, kamar _APID da Ancestry ke sawa don nuna takardun da ke rumbunsa. Ƙa'ida ta yarda a yi hakan amma bata tilasta wa kowa ya gane na wani ba, sai manhajar da ta karɓa ta tsallake. Kirkin Gramps shine baya tsallakewa a ɓoye, yana nuna rahoton layukan da bai gane ba bayan shigarwa kuma yana ajiye su a matsayin bayani a jikin mutumin. Ka ce wa ɗan baffanka ya karanta rahoton nan kada ya danna ya wuce.

Hotuna. Fayil ɗin adireshin hoto kawai yake riƙewa, ya ce hoton wane yana folda kaza a kwamfuta kaza, in aka kai shi wata kwamfutar adireshin ya zama banza. GEDCOM 7.0 ya zo da GEDZIP wanda ke ƙunshe fayil da hotuna a jaka ɗaya, Gramps ma yana da nasa ƙunshin mai ƙarewa da .gpkg amma tsakanin Gramps da Gramps ne. Kai da ke Ancestry hanya biyu gare ka, ko ka sauke hotunan da hannu, ko ka bi ta Family Tree Maker ko RootsMagic waɗanda suke iya jawo salsala daga Ancestry har da hotunanta. In da hannu ne ka ba kowane hoto suna mai ma'ana, sunan mutum da na ubansa da shekara, ba IMG da lambobi ba, ka tara su a folda ɗaya ka aika tare. Muryoyin tsofaffin da ka naɗa a waya ma haka, su ne ma suka fi hotunan tsada don ba a sake su.

Majiya ita ce ta fi shan wahala a hanya, saboda kowace manhaja da irin fom ɗinta mai gurabe barkatai, GEDCOM kuwa gurabe kaɗan ya sani, sai a murƙushe su a layi ɗaya ko a yar da rabi. Mu da yawancin majiyarmu baki ne abin ya zo mana da sauƙi, ka buɗe majiya ɗaya ga kowane tsoho, take ya zama hira da wance a gari kaza shekara kaza, ka manna ta a duk abin da ta faɗa. Akwai QUAY daga 0 zuwa 3 na nuna ƙarfin magana, wadda ta ga abu da idonta ba ɗaya take da wadda ta ji a wajen kakarta ba, kuma kirarin maroƙi da ya kai gidanku har Gabas ka rubuta shi amma ka ba shi maki ƙasa. Wannan zai yi muku amfani ranar da naka da na ɗan baffanka suka saɓa, kuma zasu saɓa.

Toh haɗewar kanta. Lambobin nan @I1@ da @F1@ na cikin fayil ɗaya ne kawai, I1 ɗinka ba shine I1 ɗinsa ba, kuma in ka sake fitarwa gobe suna iya canzawa. Kenan manhaja bata da hanyar sanin cewa kakanku na wajenka shine kakanku na wajensa sai ta suna da shekara. Yanzu ka tuna gidanku Muhammadu nawa ne, A'isha nawa, kuma kusan kowane kaka yana da takwara a jikoki, ga auren zumunci da ke sa mutum ɗaya ya ɓullo ta wajen uwa ya ɓullo ta wajen uba. Duk maɓallin da ya ce zai haɗe masu kama da juna da kansa, kada a taɓa shi, zai haɗe kaka da jika ya zama mutum ya haifi ubansa. Yadda ake yi shine bayan an duba naka a sabuwar salsala an ga lafiya, a ƙirga mutane a gwada da adadin da Ancestry ya nuna, sai a buɗe ta uku a zuba duka biyun, a fara daga kakan da kuka haɗu a kansa a haɗe shi da hannu, sannan matansa, sannan 'ya'yansa, ana saukowa. Gramps yana da abin nemo masu kama da juna, a bar shi ya kawo shawara amma mutum ne zai yanke. Daga ranar kuma mutum ɗaya ne zai riƙe uwar salsalar, duk gyara a kai masa, shi yake fitar da sabon fayil da kwanan wata a jikin sunan yana rabawa. In kowa ya ci gaba da gyara nasa, bayan wata shida sai kun sake wannan aikin daga farko. Ni da za a tambaye ni, Gramps ɗin zan bar wa riƙon, kyauta ne, a kwamfutarku yake ba sai da data ba, kuma ba ranar da wani zai ce ku biya kafin ku ga kakanninku. Ko PAF, wata tsohuwar manhajar salsala, da mutane suka dogara da shi shekara da shekaru an daina kula da shi a 2013, waɗanda suka fitar da GEDCOM ɗinsu sun koma wata manhajar sun ci gaba.

Saura maganar masu rai, kuma dan Allah kada ka ɗauke ta da wasa. Fayil ɗin nan rubutu ne a buɗe ba makulli, a cikinsa akwai cikakken suna da ranar haihuwa da sunan mahaifiya na kowa, irin tambayoyin da banki ke yi kenan don tabbatar da mai asusu. Tsakaninka da ɗan baffanka ba laifi, amma wanda za a jefa a guruf ɗin dangi na WhatsApp ko a ɗora a intanet dole a fitar da shi daban a ɓoye masu rai, Gramps yana da wannan zaɓin a wajen fitarwa har da na cire bayanan da aka yi wa alamar sirri. Sai dai manhaja tana gane mamaci ne ta layin rasuwa ko ta lissafin shekaru, don haka duk wanda ka san ya rasu amma baka san yaushe ba ka yi masa alamar rasuwa, a fayil zai fito 1 DEAT Y, in ba haka ba ana iya ɓoye shi tare da masu rai. Kuma ka bi bayananka ka karanta kafin ka aika, abin da tsohuwa ta faɗa maka ta rage murya, na asalin wani ko dalilin wata rabuwa, ba na kowa bane, fayil in ya fita baya dawowa.

In ka sauke naka ka ga wani abu bai yi maka ba, kwafo min layukan farko daga 0 HEAD zuwa inda mutum na farko ya fara, banda layukan da ke da sunanka ko adireshinka, daga nan zan gane sigar da aka fitar da kuma tsarin baƙaƙen.